Kana son barin WhatsApp amma duk mutanenka suna can? Ga yanda ake bi da abin

Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ta barin WhatsApp ta daɗe tana yawo tsakaninmu daga Garwa zuwa Marwa har Kuseri, duk sanda aka tura wani vokal a gurup ana cewa wai ana sauraren hirarmu sai kaga mutane sun tashi haiƙan, wannan ya sauke Telegram wancan ya sauke Signal, bayan ɗan lokaci kowa ya lallaɓo ya dawo inda ya baro, saboda gurup ɗin dangi yana can, na adashi yana can, mai aiko maka kaya daga Duwala ko Mubi yana can, malamin makarantar yara ma can yake tura sanarwa. Ni shawarata guda ce, kada ka ce sai ka kwashe kowa da kowa, bazai yiwu ba kuma ba'a ma buƙatar haka. Abinda ke yiwuwa shine ka ware maganganun da in sun fita zasu cutar da kai ko iyalinka, ka kai su inda yafi tsaro tare da mutum biyu ko uku da abin ya shafa, sauran hirar kuma ka barta a WhatsApp amma ka gyara saitinsa yanda ya kamata.

Kafin nan bari mu gane me ake gani me ba'a gani, dan tsoron da ba'a san kansa ba shi ke sa mutum gudu ya faɗa inda yafi muni. Tun watan Afrilu na 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni da irin kullin nan da daga wayarka sai wayar wanda ka turawa, rubutu ne ko vokal ko hoto ko kira, har da na cikin gurup, kuma fasahar kullin ma daga wajen mutanen Signal suka karɓo ta. Wato vokal ɗin da ka turawa matarka kamfanin bazai iya saurara ba, kamfanin layinka ma haka. Toh ina matsalar take? Kamar ka je tasha ne ka baiwa direban motar Ngaundere wasiƙa a ambulan a liƙe, bai san abinda ke ciki ba, amma ya ga fuskarka, ya ga sunan wanda zai karɓa, ya san ranar da ka kawo. WhatsApp yana da lambarka, yana da lambobin da ke cikin wayarka in ka bashi izini, ya san irin wayar da kamfanin layin, ya san adireshinka na intanet wanda ke nuna kusan yankin da kake, ya san sunan gurup ɗinku da hotonsa, da lokacin da kake hawa da sauka. Kamfanin yana cewa baya ajiye jerin wa ya turawa wa, amma da kansa ya rubuta cewa in hukuma ta zo da umarnin doka yana iya fara tattara hakan a kan mutumin da aka nema.

Kuma mai abin kowa ya san shi. Facebook ne ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dalar Amurka biliyan 19, a 2016 aka fara miƙa lambobin waya ga Facebook, sannan a watan Janairu na 2021 suka fito da sabuwar ƙa'idar nan ta ka yarda ko ka bari, wadda ta tada hankalin duniya har suka ɗage wa'adin daga 8 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu. A shekarar ne hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci tarar WhatsApp yuro miliyan 225 saboda rashin fayyace wa mutane abinda ake yi da bayanansu, maƙwabtanmu Najeriya ma a watan Yuli na 2024 sun ci tarar Meta, wato kamfanin Facebook da sabon sunansa, dala miliyan 220. A 2025 kuma aka sanar da shigo da talla ɓangaren sitatus. Dan haka wanda ya ce hankalinsa bai kwanta ba yana da hujja, ba ƙauyanci bane. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp ɗin ma, Brian Acton, ya bar kamfanin a 2017 ya je ya zuba dala miliyan 50 a gidauniyar Signal a 2018.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shine Telegram. Da yawa sun ɗauka yafi WhatsApp sirri, wallahi a hirar yau da kullum ba haka bane. Hirar Telegram ta gama-gari a kwamfutocin kamfanin ake ajiye ta, shi yasa in ka canja waya ka shiga sai kaga komai ya dawo ba wahala, daɗin kenan kuma raunin kenan. Kullin daga-waya-zuwa-waya sai ka buɗe abinda suke kira hirar sirri da hannunka, kuma tsakanin mutum biyu ne kawai, babu ita a gurup ko ɗaya. Bayan an kama mai kamfanin Pavel Durov a Faransa a watan Agusta na 2024, a Satumba suka canja ƙa'ida cewa zasu iya miƙa lambar waya da adireshin intanet ga hukuma in ta zo da buƙata ta doka. Telegram yana da amfaninsa kam, gurup ɗinsa yana ɗaukar har mutum 200,000, ga tura manyan fayil na karatu da wa'azi, ɗalibanmu na jami'ar Marwa da Ngaundere sun san wannan. Amma in sirri kake nema kada ka kwashi maganar gidanku daga WhatsApp ka kai gurup ɗin Telegram kana ganin ka tsira, baya ka koma. In kana da shi, shiga sashen sirri ka sa kada kowa ya ga lambarka, ka sa kalmar sirri ta biyu, ka duba na'urorin da ke buɗe da sunanka, shikenan.

Signal shine wanda ni nake nuna wa mutane. Gidauniya ce ba ta neman riba ba, ba talla a ciki, komai a kulle yake har gurup, kuma sun gina shi yanda su kansu basa riƙe sunan gurup ɗinka ko jerin mutanenka. A 2016 wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da shi, abinda aka samu a hannunsu shine ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau. Aibinsa ɗaya ne babba, zaka buɗe ka tarar ba kowa, daga kai sai wani tsohon abokin makaranta da ya sauke a 2021 ya manta da shi.

Toh amma kafin ka sauke komai, fara da gyara wanda ke hannunka, dan ko me za'a yi a nan zaka ci gaba da kwana. Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga parametir, sai sashen asusu mai alamar makulli, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Lamba shida zaka zaɓa da kanka, kada ka sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka, kuma ka haɗa da imel wanda kai kaɗai ke da kalmar sirrinsa. Wannan ɗan aikin na minti biyu yafi duk wani gudun hijira amfani, domin satar WhatsApp da ake yi mana kusan duk ta hanya ɗaya ce: ɓarawo ya sa lambarka a wayarsa, kode mai lamba shida ya shigo maka ta SMS, sai ya kira ko ya rubuto, sau da yawa ma da asusun wani ɗan uwanka da aka riga aka sace, "Yaya dan Allah wani kode ya shigo wayarka bisa kuskure, turo min", ko ya ce shi admin ne za'a yi taron gurup ta intanet ka karanto masa lambar shiga. Kana karantawa an fitar da kai, kafin la'asar an bi Goggo da Kawu da abokan kasuwancinka ɗaya bayan ɗaya ana cewa kana asibiti a turo jaka goma ta Orange Money ko MoMo. Koden nan ba'a baiwa kowa, ko da muryar mahaifiyarka ka ji, kashe ka kira ta da kanka ta layi. In kuma an riga an sace, maza ka sake shiga da lambarka, sabon kode zai zo maka kuma kana sawa ɓarawon ya fita, sai dai in ya riga ka sa lambar mataki biyu to kana iya jiran kwana bakwai, shi yasa nake cewa ka riga shi.

Daga nan koma ɗigo ukun ka duba na'urorin da aka haɗa. WhatsApp yana barin a haɗa har na'ura huɗu da asusu ɗaya, kuma wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya ya isa ya haɗa tasa, daga ranar duk abinda ya shigo maka yana gani yana zaune a ɗakinsa. In ka ga wata kwamfuta ko waya da baka sani ba fitar da ita nan take. Wannan a riƙa dubawa lokaci-lokaci, musamman 'yan uwa mata da wayarsu ke yawo hannu-hannu a gida.

Sai ajiyar hira. Yawancinmu hirarmu tana hawa Google Drive da dare bamu ma sani ba, kuma wannan ajiyar bata da kullin da muka faɗa sai ka kunna da kanka. Tun Oktoba na 2021 aka kawo damar, tana cikin sashen hira, wajen ajiya, zaka ga inda ake kulle ta da kalmar sirri ko da wani dogon makulli mai lamba da harafi 64. Rubuta a takarda ka adana inda kake adana takardar fili, dan in ta ɓace kamfanin ma bazai iya buɗe maka ba. Sannan ka tambayi kanka, imel ɗin da ke kan wayar nan waye ya buɗe shi? Da yawa cikin iyayenmu ranar da aka sayi waya a babbar kasuwa yaron shago ne ya buɗe musu imel ya sa kalmar sirri daga kansa, wata ma a bayan kwalin ya rubuta, har yau bata canja ba. A canja ta yau.

A sashen sirri mai alamar kwaɗo kuwa abubuwan basu da wuya: hoton fuska da lokacin hawa da sitatus a maida su ga lambobin da ka adana kawai, wanda zai iya saka ka a gurup shima haka, a kunna shiru ga kiran baƙuwar lamba, a kunna kulle manhajar da yatsa. Akwai saƙo mai gogewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Masu GB WhatsApp da danginsa kuma dan Allah ku rabu da su, ba kamfanin ne ya yi su ba, ba wanda zai iya ce maka ga inda saƙonka ke bi, kuma ana rufe lambar mutum a kansu. Ganin saƙon da aka goge bai kai wannan kasadar ba. Abinda ka rubuta wa Meta AI ɗin nan, na'urar amsa tambaya da ke cikin WhatsApp, shima ka sani da kamfanin kake magana kai tsaye.

Yanzu ga abinda yafi damuna, wanda canja manhaja baya maganinsa. A 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke wa wasu samari uku hukuncin shekara goma-goma a kan wani saƙon barkwanci game da Boko Haram da aka tura ta SMS, kuma ba wata na'ura ce ta kama saƙon a iska ba, malami ne ya ƙwace wayar ɗalibi a aji ya gani ya kai gaba. Mafi yawan sirrin da ke fita ta hannu yake fita. Ka tsaya wajen mai caji a unguwa ranar da ba wuta ka kalli teburin, wayoyi jere kamar talatin kowace da 'yar takarda mai lamba a manne a baya, allon wata yana haskawa saƙo yana fitowa ɓaro-ɓaro a kan allon kulle, sunan mai turowa da farkon maganar, in koden WhatsApp ne ma haka zai fito kowa ya karanta. Dan haka shiga parametir na wayar kanta, wajen sanarwa, ka ɓoye abinda ke cikin saƙo in waya a kulle take, ko ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa. Pus ɗinka ma ka sa masa lambar PIN saboda kada a zare shi a saka a wata waya. In zaka kai gyara cire pus da katin memori, kuma kada ka bar zanen buɗe waya a hannun kowa ka tafi, in sai an gwada a gwada kana tsaye. In zaka sayar, fitar da imel ɗinka sannan ka wanke ta ta koma kamar sabuwa. Gurup mai mutum ɗari biyu kuwa babu sirri a cikinsa ko a wace manhaja yake, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo magana ta ƙare. Mu da muke yankin da masu garkuwa da mutane ke bibiyar makiyaya da 'yan kasuwa, daga Mayo-Rey zuwa Adamawa har Mayo-Kebbi a Chadi, labarin wane ya sayar da shanu a Adumri zai taso da yamma ba labarin gurup bane, ba kuma na sitatus ba.

Irin wannan maganar ce ake kaiwa Signal. Zauna ka lissafa, su waye nake maganar kuɗi da tafiya da rashin lafiya da rikicin gado da su? Zaka ga basu wuce yatsun hannu ɗaya ba, mai ɗakinka, yayanka, abokin cinikinka, ƙila likita ko lauya. Da su zaka fara, kuma kada ka tura musu dogon wa'azi ta waya, je ka same su. Sauke shi daga Play Store ko App Store kawai, ka duba an rubuta Signal Foundation (a App Store kuma Signal Messenger, LLC) a ƙarƙashin sunan dan an taɓa yin na jabu, kada ka karɓa ta Xender daga wayar wani. Lambarka ɗin nan dai zaka sa, +237 ko +235, WhatsApp ɗinka bazai taɓu ba, su biyun suna zama a kan lamba ɗaya lafiya lau. Kode zai zo, sannan ya nemi ka zaɓi PIN, bayan haka ka shiga sashen asusu ka kunna kullin rajista dan kada wani ya buɗe da lambarka. Tun 2024 suna da sunan laƙabi, ka zaɓi suna da aƙalla lamba biyu a ƙarshe, sai ka baiwa mutum shi maimakon lambar waya, kuma kana iya sa kada a same ka ta lamba sam. Wannan yana da kyau sosai ga mata masu sana'a a gida da basa son lambarsu ta yi ta yawo. Ka kunna saƙo mai gogewa ga duk sabuwar hira, sati ɗaya ya isa ga yawancin magana.

Da manya kuwa a bi a hankali. In ka ce wa dattijo Turawa na leƙen asirinsa, amsar da zaka samu ita ce shi bai saci na kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kawo masa abinda ya sani. "Bappa, maganar kuɗin shanun nan da lokacin da kuke tasowa, ina so mu riƙa yinta a nan mu biyu, koren nan yara suna ɗauka suna kallon bidiyo a ciki." Zai ce "Toh ɗana, wannan shuɗin shima ana yin vokal?" Ka ce "Ana yi Bappa, ku danna nan ku riƙe kamar yanda kuka saba." Ka sa masa alamar a fuskar waya kusa da koren, ka sa hotonka a hirar yanda zai gane ba sai ya karanta ba, ku gwada vokal ɗaya da kira ɗaya kana zaune a gabansa. PIN ɗinsa shi zai zaɓa, ka juya kai.

Abinda ke kashe ƙaurar bayan nan abu huɗu ne na gani, kuma duk suna da magani. Na farko saƙo baya shigowa sai an buɗe manhajar, sai mutum ya ce abin baya aiki, alhali wayoyinmu masu tsimin batir ne ke kashe ta a baya, shiga parametir wajen batir ka cire Signal daga cikin waɗanda ake takurawa, ka bashi izinin tashi da kansa. Sai forfe, akwai masu arha da aka yi su dan WhatsApp da Facebook kawai, in irinsa mutum ke saye to Signal bazai hau ba sai da mega na gama-gari, ka duba kafin ka zargi reso, kuma cikin Signal ɗin ka kashe saukar hoto da bidiyo da kansu ka kunna rage cin mega a kira, rubutu da vokal kam basu cin komai. Wuri a waya ma matsala ne ga mai giga 16 ko 32, amma in ka shiga wajen ma'ajiya na WhatsApp ka goge bidiyoyin barka da Juma'a da aka turo sau goma-goma zaka samu wurin da ya ishe ka har da saura. Babban cikinsu dai sabo ne, yatsa ya saba da kore. Maganinsa kai ne, duk sanda yayanka ya turo maganar kuɗi a WhatsApp kada ka yi masa faɗa, kawai ka ce na amsa a can, ka je ka amsa a can, in zaka kira shi ka kira ta can. A haka ake sabawa. Gurup kuma ƙarami zaka buɗe, na 'yan ɗaki ɗaya ko na shugabannin adashi masu riƙe kuɗi, in ka yi mahaɗin shiga ka kunna sai admin ya amince, kada ka watsa shi a babban gurup. Babban gurup ɗin dangi na sanarwar suna da biki da rasuwa a barshi inda yake, ba abinda zai same shi, kuma fita daga cikinsa ana iya ɗaukarsa yanke zumunci.

Tsohuwar hira fa? Signal baya karɓar hirar WhatsApp, sabon shafi zaka buɗe. Telegram yana karɓa tun Janairu na 2021, amma ka tuna kwashe ta kake daga inda take a kulle zuwa kwamfutocin kamfani, da maganar wani ma wanda baka nemi izininsa ba, ni ban ga dalili ba. Abinda ake buƙata yawanci lissafi ne, bashin da ke tsakaninka da mai kawo maka kaya, hoton rasit, vokal ɗin da aka yi alkawari a ciki. Buɗe hirar, ɗigo uku, ƙari, fitar da hira, zai baka fayil na rubutu, in ba hotuna yana ɗaukar har saƙo 40,000, in da hotuna 10,000 na baya-bayan nan. Ka sani fayil ɗin ba a kulle yake ba, duk wanda ya same shi ya karanta, dan haka kada ka barshi cikin waya haka kawai. Lissafin bashi kam a kwafe shi a littafi. Signal shima ka shiga wajen ajiyarsa ka kunna ka rubuta dogon makullin da zai baka, in ba haka ba waya ta faɗa ruwa hirar ta tafi.

'Yan uwanmu na Njamena suna da wani dalilin na daban da zai sa a ajiye manhaja ta biyu. Daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe WhatsApp da Facebook da sauransu a Chadi, wata goma sha shida, a Yuli na 2020 ma aka sake taɓa WhatsApp. Ranar da aka toshe ba ranar fara neman mafita bace, dan wanda zaka gaya wa ya sauke wani abu baka da hanyar gaya masa. A sauke tun ana lafiya, a gwada, kuma lambobin mutane masu muhimmanci su kasance a rubuce a takarda. WhatsApp ya kawo hanyar bi ta furoksi, wato hanyar zagaye toshewa, a Janairu na 2023, Signal ma yana da tasa. VPN na kyauta, manhajojin zagaye toshewa da aka yi ta saukewa a wancan lokacin kuwa a yi hattara, duk zirga-zirgarka ta intanet ta hannun mai shi take bi, a zaɓi sananne ba duk wanda aka turo a gurup ba. In kuma intanet ɗin aka yanke ɗungurungum, kamar yanda aka yi wa yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru wajen wata uku a farkon 2017, to ba manhajar da zata yi aiki, sai kira da SMS, su kuma basu da kulli ko kaɗan, kamfanin layi yana iya gani, a taƙaita magana.

Wanda ya yanke shawarar barin WhatsApp gaba ɗaya, cire manhajar daga waya ba shine barinsa ba, asusun yana nan, hotonka yana nan, mutane suna ta turo saƙo suna ganin ka share su. Fara sanar da mutane a sitatus inda za'a same ka, fitar da hirar da kake buƙata, gurup ɗin da kake admin ka naɗa wani, sannan ka shiga sashen asusu ka goge asusun da kansa, wannan zai fitar da kai daga duk gurup ya goge ajiyar Google Drive. In ka barshi haka kawai sai ya yi kamar kwana 120 ba'a hau ba kafin su goge.

Masu layi biyu da uku kuma, 'yan kasuwar da ke tsallake gadar Ngeli ko masu zuwa Mubi da Yola, ku duba a kan wace lamba WhatsApp ɗinku yake. Yana ci gaba da aiki ko an cire pus ɗin, shi yasa zaka ga mutum yana Garwa shekara da shekaru amma asusunsa a kan wata tsohuwar lambar +234 wadda pus ɗinta ya ɓace tuntuni. Layin da aka daɗe ba'a sa masa karedi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, shi kuma sabon mai layin yana buɗe WhatsApp kode wajensa zai je, in baka sa mataki biyu ba sai ya tsinci kansa cikin gurup-gurup ɗinka, saƙon da ake turo maka ya koma shiga wayarsa. Shiga sashen asusu ka taɓa canja lamba, sa tsohuwar a sama sabuwar a ƙasa, kode zai zo a kan sabuwar, gurup ɗinka da saitinka duk zasu biyo ka, kuma zai tambaye ka ko a sanar da duk mutanenka ko waɗanda ka zaɓa kawai. Signal da Telegram ma kowanne yana da wajen canja lamba a parametir ɗinsa, in ka yi na ɗaya ka wuce ka yi na sauran a zama ɗaya tun pus ɗin yana cikin wayar.